Attahiru Na-Sani da Furannin Mai Turke

Ku matso in ba ku labarin mutumin da ya san komai a Illela, sai abu ɗaya da aka gaya masa da baki.

Sunansa na yanka Attahiru. Na-Sani kuwa bakinsa ne ya raɗa masa. Ka ce masa raƙuma ta haihu a Araba, ya ce ya sani, shi ya karɓi haihuwar. Ka ce ruwan Kalmalo ya ja baya, ya ce ai tun shekaranjiya ya gargaɗi masunta ba su ji ba. Gidansa ne na ƙarshe a arewacin gari. Kana wuce katangarsa sai gonarsa ta gado, mai tsohuwar tsamiya a tsakiya, inda ubansa kan jingina ya sha fura.

Da Turawa suka shigo, Ingilishi da Faransi suka zauna suka raba ƙasa kamar masu rabon naman watanda. Aka turo wani dogon Bature mai jan wuya yana bi yana kakkafa turakun iyaka, shi ya sa mutane suka sa masa Mai Turke. To, turke ɗaya ya faɗa daidai tsakanin katangar Attahiru da gonarsa. Gida na Ingilishi, gona ta Faransi. Su kuwa Faransi na Konni a lokacin ba su da aiki sai kamun maza ana kai su ɗaukar duwatsu. Ranar da Attahiru ya ce shi ba wanda ya isa ya hana shi gonar ubansa, ya saɓa hauya ya ƙetara, da gudu ya dawo, babu hauya, babu takalmi ɗaya. Daga ranar sai dai ya leƙa ta kan katanga yana kallon geronsa yana nuna tsuntsaye na biki. Wannan kam ya dame shi ƙwarai, har ya rame. Ko mai cika baki yana da zuciya.

Mai Turke yana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa gari kai. A bayan barikinsa ya shuka lambu, ana ba shi ruwa safe da yamma, amma babu albasa, babu tattasai, babu ko gauta. Furanni ne zalla, daga irin da uwarsa ta ƙunso masa daga ƙasarsu. Mutane kan tsaya a bakin shinge su yi ta jinjina kai, wai ga mutum da rijiya da taki, yana noman abin da ko miya ba ya yi.

Ana nan sai tafintansa Hamidu, wani Bazazzagi mai sanyin magana, ya fito dandali ya ce Bature zai tafi rangadin iyaka. In ya dawo, Kumandan Konni zai zo su duba turaku tare, su tabbatar da su har abada. Bature yana son ya ƙawata rumfar baƙonsa da furanni, ga shi kafin nan lambun ya wuce lokacinsa. An ce masa a cikin furannin akwai waɗanda ba sa sakin launinsu in sun bushe, amma shi bai san ko waɗanne ba ne. Wa ya san sha'anin fure?

Hamidu bai rufe baki ba Attahiru ya miƙe. "Hure? Ni aka tambaya! Kakana shi ad da huren Gobir duka."

Lawwali, taubashinsa kuma maƙwabcinsa, mai jakai, ya ce, "Kakanka da munka sani dai dillalin gishiri na."

"Gishirin da mi aka ɗaure shi? Ba da ganye ba? Ganye kau ba uban hure ba na? Jahilci dai bai yi ba."

Aka kai shi gaban Mai Turke. Bature ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan damin furanni busassu, ja da rawaya, ɗaure da farin zare, yana riƙe da shi kamar jariri. Hamidu ya ce, "Wannan uwarsa ce ta busar da hannunta ta ba shi. Irinsa yake so. A busar, a zuba a tuluna, a jera."

"Sannan a yi mi da shi?" in ji Attahiru.

"A kalla."

"In an kalla hwa?"

"Shi ke nan. Kallo kawai. Ba a ci, ba a sha, ba a turare."

Attahiru ya kanne ido ɗaya. "Na gane, Malam Hamidu. Kallo. Ba ka ji komi ga bakin Bature ba."

Hamidu ya ce, "Ni dai na gaya maka." Bature kuma ya ƙara da cewa in rumfa ta yi kyau, Attahiru ya roƙi abin da yake so. Nan take Attahiru ya hango turke ya tashi ya koma bayan tsamiya. Mai Turke ya rataye damin uwarsa a zauren bariki don a riƙa dubawa, ya hau doki ya tafi.

A gida Attahiru ya ce wa matarsa Zuwaira, "Kin ji wayon Annasara? Wai kallo! Wane mai hankali ka shanya abu don kallo? Kuɓewa don kallo aka shanya ta? Kuka hwa? Soɓorodo hwa? Wani sirrin miya na, ba ya son talaka shi sani."

Zuwaira ta ce, "Nan kam Malam ka yi gaskiya, ko da ba ka saba ba."

Kada ku ga laifinta. Duk garin haka suka ɗauka, har liman ya ce ƙila maganin basur ne.

Washegari Attahiru ya shiga lambu da babbar riga, jama'a sun yi dafifi a shinge. Ya fara bi layi-layi yana raɗa suna. Wani mai faɗi kamar faifai, rawaya, ya ce ƙanen kabewa ne da ya yi karatu. Wasu jajaye masu laushi, masu ruwa a jiki, ya ce ɗiyan rama ne ta wajen uwa. Ya tsinki wani fari mai kamar kakaki ya tauna don ya nuna gwaninta. Bai haɗiye ba leɓensa ya kumbura ya yi suntum.

"Mi ag ga bakinka?" in ji Lawwali.

"Gaisuwa ta," in ji Attahiru da ƙyar. "Hure in ya gane gwani haka shika yi."

A can ƙarshen lambu akwai wasu ƴan ramammu. Wasu ganyen furensu ƙeƙasasshe ne tun suna raye, in ka taɓa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ɓawon tafarnuwa. Wasu ƴan dunƙule-dunƙule ne masu ruwan shuni, kamar maɓallin riga. Wasu kuma ja wur kamar zankon zakara. Attahiru ya matsa su da yatsa ya taɓe kumburarren bakinsa.

"Waɗanga ba su da nama. Abin da yam mutu da rai nai, in ya bushe mi za a samu? Hakukuwa na sunka shigo cikin iri."

Ya tumɓuke su kaf ya wurga ta kan shinge. Lawwali, wanda ba ya ganin ciyawa ya ƙyale, ya kwashe wa jakansa. Attahiru kuwa ya yanki masu kauri, masu ruwa, ya cika kwando.

Ya yayyanka su siriri-siriri kamar kuɓewa, ya baza a tabarma a kan soro, inda rana ta fi ƙuna. Kwana kaɗan ya hau dubawa, maƙwabta na jira a ƙasa. Abin da ya tarar ya fi kama da garin taba. Ja ya tafi, rawaya ya tafi. Yana tsaye yana tunanin abin da zai faɗa, guguwa ta zo ta nannaɗe tabarmar ta yi arewa da ita.

Lawwali ya ɗaga kai ya ce, "To, huren ma ya bi gona, ya koma Faransi."

"Gwaji na niy yi," in ji Attahiru. "Rana ta gaza, sai hayaƙi."

Ya koma lambu ya sake cika kwando, ya ɗora wa jakin aro ya nufi Kalmalo, inda masunta ke banda kifi. Ya ce su matsa masa wuri a kan ragar banda. Wani tsohon masunci ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an banda ciyawa ba. Attahiru ya ce ai shi ya sa har yau yake masunci. Da aka sauke, furanni sun yi baƙi ƙirin, suna ƙarnin tarwaɗa. Ya dawo gari da yamma, kyanwowin Illela duka suna biye da shi a jere kamar masu rakiyar amarya. Ya aje kwando ya shiga alwala, kafin ya fito ko tsinke ba su bari ba.

Zuwaira ta ce, "Ko ba komi an san ana ci."

"Kin gani? Kyanwa ba ta ƙarya."

Saura kashi na uku, na ƙarshe a lambun. Wannan karon ya ce dabarar mahauta zai yi. Ya sa Zuwaira ta dama tunkuza da yaji da gishiri, ya tsoma furanni ɗaya-ɗaya kamar kilishi, ya shanya a kan karan dawa. Kafin azahar cinnaka da tururuwa suka yi sallama. Ya shiga korarsu da ƙafa, suka hau wandonsa. Ranar mutanen unguwa sun ga rawar da ba a taɓa yi ba ko a bikin mahauta, ga shi babu kalangu.

Lambu ya zama fili, kamar an yi fara. Ga labari ya iso cewa Mai Turke yana hanya. Attahiru ya daina fita dandali. Ya kan tsaya a katanga ya dubi tsamiyar ubansa, ya dubi turke, ya yi ajiyar zuciya. Har Lawwali ya ji tausayinsa ya rage tsokana.

Rannan ya shiga rumfar jakan Lawwali don ya ɓuya wa Hamidu, wanda ke nemansa. Yana ɗaga kai sai ya ga abin mamaki. Ashe jakai sun shinshina ramammun furannin nan sun ƙi ci, shi kuwa Lawwali, da ya ƙi jinin asara, ya ɗaɗɗaure su dami-dami ya rataye a jikin azara, kai ƙasa, yadda ake rataye harawa, ko yunwar rani za ta sa jakai su sauko. Can cikin inuwa, iska na ratsawa, suka bushe sarai. Ja yana nan ja, shuni yana nan shuni, rawaya kamar yau aka tsinko. Ba su da maraba da damin uwar Bature.

Attahiru ya ƙwala kira. "Lawwali! Ashe ka bi umurnina!"

"Wane umurni?"

"Da nij jeho maka su ta shinge, ce maka niy yi ka ba jaki? Wanga shi aka kira dabarar ɓoye. Na san ka da rowa, na san rataye su za ka yi."

"Kai ac ce hakukuwa na."

"Don kada maƙiya su gane. Sauko da su."

Lawwali ya ce sai dai a musanya masa da damin harawa. Attahiru ya ce har biyu, in gona ta dawo.

Jama'a, ku dubi ikon Allah. Ga abin da Bature ke so, cif, a hannun mutum. Da zai ɗauka ya zuba a tulu ya koma gefe ya yi shiru, da labarin nan ya ƙare da guɗa. Amma shiru ba ya cikin abubuwan da Na-Sani ya sani.

Ya shimfiɗa damman a tsakar gida yana zagaya su, hannu a baya. Ya ce, "Zuwaira, an yi rabin aiki."

"Saura mi?"

"Kuka in ta bushe, haka aka kai ta gaban baƙo da ganye? Busasshen abu bai kammala ba sai ya ga turmi."

Zuwaira ta ce, "To, Malam, shi wancan na uwa tai ai ba a daka shi ba."

Attahiru ya girgiza kai cikin tausayi. "Ke ba ki lura ba? Bawan Allan ga gwauro na. Ba mata, ba turmi, ba taɓarya. Shekara da shekaru shina yawo da kayan miya ƙasa-ƙasa, ya rasa mai daka mai. Kin ga yadda shika riƙon shi, kamar zai kuka? Kunya ta hana shi hwaɗi. Ni kau ba a yi mani bayani sau biyu."

Ya tafi zauren bariki ya sauko da damin uwar Bature, ya ce wa mai gadi gyara za a yi masa. Ya kawo ya haɗa. Zuwaira ta kira maƙwabta, aka yi luguden da aka ji har bakin kasuwa. Aka tankaɗe, aka sami gari mai launin ƙasa-ƙasa, aka cika tuluna aka rufe da faya-fayai. Abin da ya rage Attahiru ya ce a kaɗa miya da shi, a sa daddawa da busasshen kifi kada a ji kunya. Farin zaren kuwa ya ɗaura a hularsa.

Ranar taro, da hantsi, gari ya fito kaf. An kafa rumfa a gaban bariki, mai gari da liman suna gefe. Kumandan Konni ya iso, wani gajere mai tumbi da gashin baki kamar ƙahon rago. Mai Turke, wanda isowarsa ke nan daga rangadi, ya dubi rumfa wayam, ya dubi Hamidu. Hamidu ya dubi ƙasa.

Sai ga kiɗa. Attahiru ya ɗauko maroƙi, yana tafe yana taƙama, mata na biye da tuluna a kai, Zuwaira a ƙarshe da tukunya tana tururi. Aka jera tuluna. Attahiru ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Zaki! Ga hure, an gama shi sarai. Ba ka da sauran wahala."

Ya yaye faifan farko da ƙarfi. Iska ta ɗebi gari ta watsa a rumfa. Mai gari ya yi atishawa rawaninsa ya karkace. Liman ya yi, Kumandan ya yi, har dokin Kumandan ya yi. Mai Turke ya leƙa tulu, ya sa yatsa ya shafo, ya daɗe yana kallon yatsan. Jan wuyan nan nasa ya hau har kunne.

Hamidu ya ce, "Yana tambaya, mene ne wannan?"

"Waɗanda ba su sakin launi na. Na gano su, na busar, na daka. Hwaɗa mai ko tsakuwa guda babu, sau biyu anka tankaɗe."

Bature ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro. Idonsa na kan hular Attahiru. Hamidu ya ce, "Yana tambaya, ina na uwarsa?"

Attahiru ya washe baki ya nuna tukunya. "Shina ciki. Yau dai Allah ya yi, zai ɗanɗani miyar tsohuwa tai."

Hamidu ya ce, "Inna lillahi. In fassara?"

"Hwassara mana! Alheri aka ɓoyewa?"

Ya fassara. Mai Turke ya zauna daɓas a kujera ya dafe kai. Ni dai na ji tausayinsa, don mutum da abin uwarsa ba wasa ba ne, ko da Annasara ne. Kumandan kuwa da aka ba shi labari ya yi dariya har ya riƙe tumbi. Ya ce a zubo masa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya miƙo akushi a ƙara. Daddawar Zuwaira ce ta yi aiki, amma wa zai gaya wa Attahiru? Ya juya ya dubi jama'a. "Kun gani? Wanda yas san abu ya san shi."

Can Mai Turke ya ɗago. Hamidu ya ce, "Ya ce shi ba ya saɓa alkawari, ko ga wanda ya dafa masa uwa. Me kake so?"

Attahiru ya gyara riga. "Zaki, abu guda na. Turke ya raba ni da gonar ubana. So nike ni da gonata mu kwana ƙasa guda."

Turawan biyu suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Kumandan yana lasar cokali yana gyaɗa kai. A karon farko tun safe Mai Turke ya yi murmushi. Ya ce an karɓa.

Aka ɗunguma zuwa arewacin gari, maroƙi na zuga Attahiru, shi kuma yana gaba yana nuna hanya. Ma'aikata suka tona turke suka cire. Attahiru ya nufi tsamiya yana cewa, "Nan, nan bayanta." Da ya waiga sai ya ga ba wanda ke biye da shi. Sun yi kudu. Suka zagaye gidansa, suka kafa turke daidai tsakanin katangarsa da rumfar jakan Lawwali, suka daddanna ƙasa.

Hamidu ya ce, "To, Malam Attahiru, kai da gonarka kun zama ƙasa ɗaya. Kumandan ya ce yana murna da samunka. Akwai dutsen da ake ɗauka a Konni, in an gama kuma yana da lambu."

Zuwaira ta dire tukunya ta ɗora hannu a ka. Lawwali ya leƙo daga ƙasar Ingilishi, taku ɗaya tsakaninsu, ya ce, "Taubashi, harawata hwa? Ko sai an biya kuɗin fito?"

Attahiru ya tsaya yana duban tsamiyar ubansa, wadda yanzu ba mai hana shi zuwa gindinta, sai dai ba zai sami ranar zama ba. Sojan Faransi guda biyu suka matso, ɗaya ma yana saye da takalminsa na dā a ƙafa ɗaya.

An ce duk ranin nan masu zuwa kasuwar Konni sun riƙa ganinsa a layin masu ɗaukar dutse, gammo a ka, farin zare a hula. In ya hango ɗan Illela sai ya tsaya, dutse na danne masa wuya, ya ce, "Ku hwaɗa ma mutanen gida, tun da anka kahwa iyakag ga, mutum nawa anka tayar ma turke? Ni kaɗai na. Sarakuna biyu sunka zauna kaina."

Sojan da ke bayansa ya ɗaga bulala ya ce ya wuce.

Attahiru ya ce, "Na sani."